Turancin Kaka: Tambayoyi da Amsoshi kan Nahawu, Kalmomi da Al'adun Lokacin Zubar Ganye

Da zarar Satumba ta kama, darussan Turanci da ke intanet sai su cika da hotunan jajayen ganyaye, da kabewa mai ido da haƙora, da gasasshen talo-talo a faranti. Malaman Ingila da Amurka suna koyar da nahawu ne da abin da ke ƙofar gidansu. Shi kuwa ɗalibin Kano ko Maraɗi, wanda a daidai lokacin hankalinsa ke kan yankan gero, sai ya ga an ɗora masa kaya biyu: ga harshe, ga al'adar da bai taɓa gani da idonsa ba. Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai suka fi yi mini idan muka zo wannan gaɓa.

Shin "autumn" shi ne kaka?

Kusan haka ne, kuma dacewar ta fi yadda ake zato. A tsohon Turanci sunan wannan lokaci shi ne "hærfest", kalmar da ta rikiɗe ta zama "harvest", wato girbi. Har gobe Jamusawa "Herbst" suke ce masa. Ka ga su ma da amfanin gona suka san lokacin, kamar yadda Bahaushe idan ya ce kaka ta yi, hatsi yake nufi ya shigo gida. Daga baya ne "harvest" ta tsaya kan aikin girbin kawai, "autumn" ta karɓi sunan lokacin.

Masana yanayi suna ƙirga shi daga 1 ga Satumba zuwa 30 ga Nuwamba. Masu lissafin tafiyar rana kuma sukan fara daga 22 ko 23 ga Satumba, ranar da dare da yini ke yin daidai, su rufe a 21 ko 22 ga Disamba. A Ostireliya da Afirka ta Kudu abin a juye yake, nasu daga Maris ne zuwa Mayu.

Inda ake yin tuntuɓe shi ne a ɗauki lokutansu huɗu a jera su da namu huɗu. Sau da yawa za ka ga an fassara "spring" da bazara, alhali bazararmu ita ce lokacin da zafi ke hana barci a ɗaki, nasu kuwa lokacin tohon ganye ne da sanyi-sanyi. In kana bayanin ƙasarmu da Turanci, ka ce "rainy season", "harvest time", "harmattan", "hot season". Wanda ya rubuta cewa ana "winter" a Katsina zai sa mai karatu ya hango dusar ƙanƙara.

To "fall" fa? Wanne ne daidai tsakaninsu?

Duka biyun. "Autumn" ta samo asali daga Latin, ta biyo ta Faransanci. "Fall" kuwa guntun "fall of the leaf" ce, faɗuwar ganye, kuma a Ingila aka haife ta, tun a ƙarni na 16 ana faɗinta a can. Masu ƙaura suka haye teku da ita zuwa Amurka, ta zauna daram, a gida kuma aka yi watsi da ita. Yau Ba'amurke ya fi cewa "in the fall", Baturen Ingila ya ce "in autumn" ko "in the autumn".

Makarantunmu Turancin Ingila suka gada, don haka "autumn" ta fi zama lafiya a rubutun jarrabawa. Wanda ke cike takardar neman jami'a a Amurka ko Kanada kuwa zai ci karo da "fall semester", zangon da ke farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Kada ka haɗa su a rubutu ɗaya, nan "autumn" can "fall", kamar mai sa takalmi wari da wari.

Da babban baƙi ake fara sunan lokaci?

A'a. Watanni da ranakun mako da sunayen bukukuwa su ne ke ɗaukar babban baƙi: "October", "Thursday", "Halloween". Amma "autumn", "winter", "spring" da "summer" da ƙarami ake rubuta su, sai in sun zo a farkon jimla.

Kullum "in" da "on" da "at" suna rikita ni. Akwai hanya mai sauƙi?

Akwai, kuma kalandar kaka ta fi komai daɗin koyar da ita. Matsalar daga gida take: Hausa tana iya cewa "a watan Oktoba", "a ranar Alhamis", "a daren nan", duk da "a" ɗaya. Turanci ya raba aikin gida uku.

Ka ɗauka kamar faifai, da ƙwarya, da ludayi. Lokaci mai faɗi, wato shekara, ko wata, ko yanayi, yana ɗaukar "in": "in 1605", "in November", "in autumn". Rana guda tana ɗaukar "on": "on Thursday", "on 5 November", "on Thanksgiving Day". Ƙarfe kaza, ko wani ɗan tsukin lokaci, yana ɗaukar "at": "at seven o'clock", "at sunset", "at midnight".

Sai 'yan tawaye, don ba a raba Turanci da su. Ana cewa "in the morning" da "in the evening", amma "at night". Da zarar ka ambaci ranar kuma sai komai ya koma "on": "on Friday morning". In ana nufin kwanakin biki gaba ɗaya, Ingilawa sukan ce "at Christmas", in ranar ce kanta kuma "on Christmas Day". Sannan kafin "this", "last", "next" da "every" ba a sa komai: "last autumn", "every October". Jimlar "in last autumn" na gyara ta a littattafan ɗalibai har biro ya gaji.

Da wane lokaci na aikatau ake bayanin al'ada?

Nan ne zuciyar darasin, kuma a nan ne Bahaushe ke da gata in ya lura. Muna da lokaci sabau, mai "kan": sukan yi, akan yi, nakan je. Abin da Turanci ke kira "present simple" aikinsa ke nan. "Children carve pumpkins every October", yara sukan fafe kabewa duk Oktoba. In kuwa yanzu ake cikin aikin, ga wuƙa a hannu, sai a ce "The children are carving a pumpkin".

Tarkon shi ne a maganarmu ta yau da kullum mun fi cewa "muna girbe gero duk shekara" maimakon "mukan girbe". Sai ɗalibi ya ɗauki "muna" ya kai ta Turanci a yadda take, ya rubuta "Every year we are harvesting millet". Kuskure ne. Daidai shi ne "Every year we harvest millet". Ga ma'auni: in za ka iya cire "na" ka sa "kan" ma'ana ba ta canja ba, to kada ka sa "-ing".

Kada a manta da ɗan "s" ɗin nan na mutum ɗaya: "My father harvests", "She bakes a pie", amma "They bake". A tambaya da korewa kuma "s" ɗin yana komawa kan "does": "Does she bake?", "She doesn't bake".

Al'adar da ta shuɗe tana zuwa da "used to": "People in Ireland used to carve turnips", da can mutanen Ayalan wani tushen lambu mai tauri suke fafewa, kafin 'yan ƙaura su tarar da kabewa a Amurka su ga ta fi sauƙin aiki. Wannan "used to" ɗin ba shi da siffar yanzu. "I use to go to the farm every day" da ake yawan ji a Najeriya da nufin "nakan je gona kullum" ba ya wucewa a jarrabawa. Ka ce "I usually go" ko "I go" kawai.

Me ya sa jam'in "leaf" ya zama "leaves"? Kuma me ke sa ganyen canja launi?

Wasu tsofaffin kalmomi masu ƙarewa da "f" ko "fe" suna komawa "ves" a jam'i: "leaf, leaves", "loaf, loaves", "knife, knives", "sheaf, sheaves", wato dami da dammuna. Ba duka ba ne: "roof, roofs", "chief, chiefs". Haddace su ake yi.

Aikatau na faɗuwa shi ma yana da tarkonsa: "fall, fell, fallen". Aikatau na ji a jiki ko a zuci kuma "feel, felt, felt". Wanda ya ce "The leaves felt down" ya ce ganyaye sun ji ba daɗi a ransu.

Batun launi kuwa, idan yini ya fara gajarta, itace yakan daina ƙera sinadarin da ke sa ganye kore. Da koren ya janye sai ruwan ɗorawa da ruwan goro da suke ɓoye a ciki su bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera ja sabo. Daga nan ganyen ya zube. Irin waɗannan itatuwa ana ce musu "deciduous", masu zama da ganyensu kuma "evergreen". A jihohin arewa maso gabashin Amurka kamar Vermont, mutane har tafiya suke yi takanas don kallon dazuzzuka a farkon Oktoba. Mu ma muna da misali a bayan gari: kuka "deciduous" ce, tana tsayawa tsirara da rani. Gawo kuwa ɗan adawa ne, da damina yake zubar da nasa ganyen, ya yi kore shar lokacin da kowa ya bushe. Ɗalibin da ya iya bayyana halin gawo da jimla uku na Turanci ya fi wanda ya haddace sunayen itatuwan Turai goma.

Lura da aikatau ɗin da ke tafiya da launi: "The leaves turn red". Ba a cewa "change to red colour".

Mene ne Halloween, kuma waɗanne kalmomi ke tattare da shi?

Ana yin sa a daren 31 ga Oktoba. Sunan guntun "All Hallows' Eve" ne, jajibirin ranar tunawa da waliyyan Kirista da ke zuwa 1 ga Nuwamba. Da yawan al'adunsa ana danganta su da Samhain, tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ayalan da Sikotilan. 'Yan ƙaura daga waɗannan ƙasashe suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, a can ya girma ya zama kasuwa.

Yara sukan yi shigar burtu, wato "dress up", su bi gida-gida suna cewa "trick or treat": a ba mu alewa ko mu yi tsokana. Kayan shigar su ne "costume". Kada ka haɗa ta da "custom", al'ada, ko "customs", kwastan na kan iyaka. Kabewar da aka fafe aka yanka mata fuska aka sa kyandir a ciki sunanta "jack-o'-lantern". Alewar kuwa "candy" ce a Amurka, "sweets" a Ingila.

Idan na ga ɗalibai sun kasa hango abin, sai in ce su tuna tashe: yara da dare a watan azumi, an shafa gawayi, an manna gemun auduga, ana bin ƙofofin gidaje ana samun ɗan hatsi ko kuɗi. Asalinsu da manufarsu ba ɗaya ba ne, siffar waje ce kawai ta yi kama. Amma kwatancen yana haifar da jimloli masu kyau: "Both involve children going from house to house", "Unlike Halloween, tashe takes place during Ramadan".

Ni ba na yin waɗannan bukukuwa. Dole ne sai na koye su?

Sanin abu daban, yin sa daban. Wanda ya san ma'anar "trick or treat" bai ɗauki kabewa ya fafe ba, kamar yadda Baturen da ya koyi kalmar hawan daushe bai hau doki ba. Amfanin sanin shi ne kada nassin karatu ya zo maka a jarrabawa ka tsaya kana zare ido, ko abokin aiki ya turo saƙo cewa ofis zai rufe ranar Alhamis saboda "the holiday" ka rasa wanne. Kuma in an gayyace ka ba ka so, ga jimla mai ladabi: "Thank you for inviting me, but I don't celebrate Halloween". Dubi yadda "for" ta jawo "-ing" a bayanta.

Wane ne Guy Fawkes da ake ƙona mutum-mutuminsa?

A 1605 wasu 'yan ɗarikar Katolika a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Robert Catesby, suka ƙulla makircin tarwatsa majalisar dokoki ranar buɗe ta, da Sarki James na Ɗaya a ciki. Suka tara ganga 36 ta albarushi a ƙarƙashin zauren majalisar dattawa. Guy Fawkes, wanda ya san aikin soja, shi aka bari yana gadi, shi kuma aka kama cikin dare, wayewar 5 ga Nuwamba. An kashe shi a Janairun 1606. Tun daga nan ake hura wuta a wannan rana kowace shekara, ana kiran ta "Bonfire Night". Garin Lewes da ke kudancin Ingila ya yi suna wajen jerin gwano da wuta a daren.

Malamai suna son wannan labari saboda cike yake da jimlolin da ake ɓoye mai aikatawa, waɗanda Turanci ke kira "passive". Mu da "an" da "aka" da "akan" muke yin wannan aiki. An kama shi: "He was arrested". An gano albarushin: "The gunpowder was discovered". Akan yi bikin ran 5 ga Nuwamba: "It is celebrated on 5 November". Ginin kullum ɗaya ne: wani reshe na "be", sannan siffa ta uku ta aikatau. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yar da "was", a ce "He arrested", wanda ke nufin shi ne ya yi kamun. Wani kuskuren kuma shi ne fassara "an" da "they" a inda ba a san su waye ba.

Akwai aikatau masu jela da ke zuwa da daren: "blow up", tarwatsa da bam, "set off" ko "let off fireworks", kunna kayan tartsatsin wuta, "go off", fashewa da kansa, "wrap up", rufe jiki da kayan sanyi. Jelar ce ke riƙe da ma'ana, don haka a haddace su tare.

Wani abin mamaki: kalmar "guy" da matasa ke jifan juna da ita daga sunan mutumin nan ta fito. Da farko mutum-mutumin tsumma da ake ƙonawa ake kira haka, sai ta koma mutum mai shigar banza, sai Amurkawa suka mai da ita kowane namiji. Ita ma "bonfire" asalinta "bone fire" ce, wutar ƙashi.

Thanksgiving fa?

Ranar godiya ce, kuma a Amurka Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba. Ana danganta ta da walimar girbi ta kwana uku da baƙin Ingila suka yi a Plymouth a 1621 tare da mutanen ƙabilar Wampanoag, 'yan asalin wurin. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta a matsayin ranar ƙasa a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, majalisa kuma ta tsayar da Alhamis ta huɗu a 1941. Kanada tana yin nata ranar Litinin ta biyu a Oktoba, don sanyinsu ya fi saurin shigowa, girbi ma haka. Ba kowa ke murna ba: tun 1970 wasu 'yan asalin ƙasar ke taruwa a Plymouth a wannan rana suna makoki kan abin da ya biyo bayan zuwan baƙi. Ingila ba ta yin Thanksgiving. Abin da take da shi shi ne "Harvest Festival", inda coci-coci da makarantu ke tara abinci a raba wa mabuƙata. Washegarin Thanksgiving ita ce "Black Friday" da shagunan intanet suka kawo mana har gida.

Teburin cin abincin darasi ne na sunaye masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa. "A turkey" talo-talo ne guda, "some turkey" namansa ne, "Turkey" da babban baƙi kuma ƙasar Turkiyya. Haka "a pumpkin" kabewa ce sukutum, "pumpkin" kuma abin da aka zuba a abinci. Su suna yin ta da sukari a gasa, mu mu sa ta a miyar taushe: "We put pumpkin in the soup". Godiya kuma tana da nata 'yan rakiya: "thankful for something", "grateful to someone". A kula, "grateful" ake rubutawa, babu "great" a cikinta.

Na ga 11/5 a wata takarda, na ɗauka 11 ga Mayu ne, ashe Nuwamba ake nufi.

Takardar Amurka ce. Su wata suke fara rubutawa sannan rana. Ingila da mu rana ce a gaba, don haka 5 ga Nuwamba 5/11 ce a Landan, 11/5 a New York. Ranar tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, 11 ga Nuwamba 1918, wadda Ingilawa ke maƙala jan fure a ƙirji dominta, tana cikin 'yan ranakun da ba sa jawo gardama. Maganin rikicin shi ne ka rubuta sunan watan da haruffa.

Me ake nufi da "the clocks go back"?

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san wannan a aikace. Wasan ƙarfe uku na ranar Asabar a Satumba ƙarfe uku ne a Kano da Yamai, amma daga ƙarshen Oktoba sai ya koma ƙarfe huɗu. Dalili shi ne a Lahadin ƙarshe ta Oktoba Birtaniya tana mai da agogo baya da awa ɗaya. Yawancin jihohin Amurka kuma sai Lahadin farko ta Nuwamba. Suna tuna wa kansu da "spring forward, fall back", wasa da kalma ne mai harshen damo, don "spring" tsalle ce kuma lokaci ce, "fall" ma haka.

Daga nan duhu ke saurin shiga. A ƙarshen Disamba yinin Landan ba ya kai awa takwas. Wannan ne ya sa hirarsu ta kaka ke cike da kwatance: "The days are getting shorter", "It's getting colder and colder". Hausa da "fi" take kwatance, sifa ba ta canjawa, shi ya sa ɗalibi ke rubuta "London is cold than Kano". Sai an ce "colder than". Kuma ba a haɗa biyu a ce "more colder".

Ka lura da "it" ɗin nan. Mu mukan ce ana ruwa, ana iska, gari ya yi duhu. Turanci ba ya barin jimla babu mai aiki, sai ya dasa "it": "It is raining", "It is windy". Kalmar "weather" kuma ba ta ɗaukar "a". Sannan "fog" na Ingila tururin ruwa ne, hazonmu na hunturu ƙura ce, sunansa "haze".

Waɗanne kalmomin kaka ne suka fi wahalar furtawa ga Bahaushe?

Duk masu "p" da "f", kuma kaka ta tara su kamar da gangan. Harshenmu bai raba sautukan biyu ba, shi ya sa "leaf" ke zama "leap", "fall" ta zama "Paul". Ga gwaji: riƙe ƙyallen takarda a gaban baki. In ka ce "pumpkin", leɓɓa biyu su haɗu su fashe, takardar ta motsa. In ka ce "fall", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Maimaita "pumpkin pie" da "falling leaves" sau goma kowace safiya a gaban madubi.

Sai "th" na "Thanksgiving" da "Thursday": kan harshe tsakanin haƙora. In ka mai da shi "s", "thank" ta zama "sank", ta nutse. A "autumn" ba a furta "n" na ƙarshe, amma yana farkawa a sifarta, "autumnal".

Yaya zan bayyana kakarmu da Turanci?

Wannan ce tambayar da nake jira. A sashen baka na IELTS, jarrabawar auna Turanci ta ƙasa da ƙasa, akan ba mutum minti ɗaya ya shirya, ya yi magana har minti biyu, kuma bukukuwa da yanayi suna cikin batutuwan da aka saba tambaya. Mai jarrabawa Turancinka yake aunawa, ba iliminka na talo-talo ba. Ɗalibin da ya ari bikin da bai taɓa gani ba yakan ƙafe a rabin minti. Wanda ya yi maganar gonar gidansu kuwa sai an tsayar da shi.

Ga kayan aiki. Gero "millet", dawa "sorghum" ko "guinea corn", masara "maize". A yi hattara da "corn": a Amurka masara ce, a tsohon Turancin Ingila kuwa hatsi ne kowane iri. Gyaɗa "groundnuts" ce a wurinmu, "peanuts" a Amurka. Wake "cowpeas" ko "beans". Lauje "sickle", manjagara "rake", kara "stalks", rumbu "granary", buhu "sack". Sussuka "threshing", shiƙa "winnowing", ƙaiƙayi "chaff", kala "gleaning". Mutum-mutumin korar tsuntsaye "scarecrow". Abin da ba shi da takwara, kamar gayya ko dambe, ka bar shi da sunansa ka bi shi da bayani: "dambe, a kind of traditional boxing held after the harvest".

Jera aikin da kalmomin bi-da-bi, ka ga "passive" ya dawo da kansa: "First the millet is cut. Then it is tied into bundles and carried home. After that it is stored in the granary."

Akwai karin magana na Turanci da suka shafi kaka?

Akwai 'yan kaɗan da suka cancanci riƙewa. "You reap what you sow" tamu ce sak, abin da ka shuka shi za ka girba. "Turn over a new leaf" na nufin mutum ya gyara hali, kuma "leaf" a nan warƙar littafi ce, ba ganyen itace ba. "Squirrel away" ɓoye kuɗi ko kaya ne don gaba, daga halin kurege na binne 'ya'yan itace kafin sanyi. "The nights are drawing in" Ingilawa ke faɗa idan magariba ta fara riskarsu a hanya. Ɗaya a rubutu ya isa. In sun yi yawa sai su zama gishiri a kunu.

A ba mu ɗan gwaji mu auna kanmu.

Kowace jimla a nan tana da kuskure. Gyara kafin ka leƙa amsa.

1. In last autumn, my uncle visited London.
2. Every year we are storing our sorghum in a granary.
3. Guy Fawkes arrested in 5 November 1605.
4. The leafs felt from the tree.
5. November is more colder than September.
6. We had a good weather on Thanksgiving Day.

Ta farko, cire "in". Ta biyu, "we store". Ta uku kurakurai biyu ne: "was arrested", sannan "on 5 November". Ta huɗu ma biyu: "leaves" da "fell". Ta biyar, cire "more". Ta shida, cire "a". Wanda ya gano takwas ɗin duka, ya ɗauki biro ya rubuta jimla shida kan yadda ake roron wake a garinsu, ya tabbata babu "-ing" ko ɗaya a inda "kan" za ta iya zama.